Daga Miga Zuwa Legas: Garin da Ruwansa Yake da Gishiri

Duk wanda ya tashi a Miga ya san ruwa. Ya san lokacin da Kogin Haɗeja yake cika ya malalo cikin fadamu, ya san lokacin da yake janyewa ya bar wa masu alkama da tumatir laka mai kyau. Ya san kwalekwale da gora da koma da birgi, ya kuma san bambancin tarwaɗa da karfasa tun kafin ya iya rubuta sunansa. Sai dai akwai tambayar da ba kowa ne yake yin ta ba: idan ruwan nan ya wuce mu, ina yake zuwa?

Amsar tana cikin taswira. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Ya bi ta Wudil da Ringim, ya ratsa ƙasarmu, ya wuce Haɗeja, ya bazu a cikin dausayin Haɗeja da Nguru. A wajen Gashuwa ruwansa ya haɗu da na Kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda yake gangarawa Tafkin Chadi. Shi kuwa Tafkin Chadi ba shi da mafita. Ke nan kogin da ya raine mu ba ya isa teku ko kaɗan.

Wannan ne ya sa ƙungiyarmu ta ɗaliban labarin ƙasa ta zaɓi Legas a hutun Disamba. Mu goma sha takwas ne, maza da mata, da malamai uku. Mun tafi yawon buɗe ido, muna son mu ga teku da manyan jirage. Abin da muka tarar shi ne, ko da yake koginmu ba ya zuwa teku, kusan kowane gida a Miga yana da hulɗa da shi ta tashar jiragen ruwa, ko masu gidan sun sani ko ba su sani ba.

Hanya ma makaranta ce

Daga Miga muka bi ta Jahun muka shiga Kano, inda muka hau babbar mota. Tsakanin Kano da Legas akwai sama da kilomita 1,000, kuma duk wanda ya yi barci a hanyar nan ya yi asarar rabin darasin.

Da muka iso Zariya, malaminmu na labarin ƙasa ya ce mu lura, mun riga mun tsallake wata iyaka da ba a kafa mata alama ba. Ruwan saman da ya sauka a yawancin ƙasar Kano, gabas yake nufa zuwa Chadi. Wanda ya sauka a Zariya kuwa, Kogin Galma ne yake kwashe shi ya zuba a Kogin Kaduna, shi kuma ya zuba a Kogin Kwara, Kwara ta kai shi teku. Gari biyu ne maƙwabta, amma ruwansu ya raba hanya har abada.

Muna ƙara yin kudu itatuwa suna sauyawa. Kuka da gawo suka yi ƙaranci, ɗorawa da kaɗanya suka yawaita, daga baya su ma suka ba kwakwar manja da ayaba wuri. Kafin Lokoja muka haye Kwara a kan gadar Murtala Muhammed, mota ta yi tsit kowa yana leƙe. Kogin nan ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya yi tafiyar sama da kilomita 4,000 kafin ya faɗa teku, kuma a Lokoja yake haɗuwa da Binuwai. Daga nan muka bi ta Okene da Akure da Badun. Rigunan sanyin da muka sako saboda hunturun gida tuni muka cusa su a jaka, domin iskar kudu tana da laima, gumi kuma ba ya bushewa a jiki.

Agege da kasuwar Mile 12

Masaukinmu a Agege yake, kuma a daren farko kunne bai yarda mun bar gida ba. Hausa ake yi a bakin masallaci, Hausa a wurin mai shayi, ga ƙamshin tsire. Cinikin goro ne ya fara tara Hausawa a Agege, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta biyo ta nan, aka samu sauƙin aika huhunan goro arewa. Yau akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su, suna Yarabanci kamar yadda suke Hausa, kuma unguwar tana da Sarkin Hausawanta. Haka abin yake a Idi-Araba da Obalende.

Zaman Hausawa a Legas ya girmi Najeriyar kanta. Turawan Ingila sun karɓe garin a 1861, a 1863 kuma wani jami'insu mai suna John Glover ya kafa ƙaramar runduna ta Hausawa. Daga wannan runduna ake jawo tarihin sojan Najeriya.

Da sassafe muka nufi kasuwar Mile 12, inda manyan motoci suke sauke kayan gwari daga arewa. Kwandunan tumatir da buhunan tattasai da attarugu da albasa sun yi tuli, ga masu ɗauka suna ta kai da komo. Wani dattijo dillali da ya ji daga inda muka fito ya faɗaɗa murmushi, ya ce, "'Ya'yana, ai kun biyo kayanku ne." Ya nuna mana cewa a lokacin rani wani kaso na kayan miyar da Legas take ci daga fadamun Kano da Jigawa yake fitowa. Ya kuma nuna mana tumatirin da ya lalace a hanya. Kwana biyu a cikin kwando, ga zafi, ga nauyin na sama a kan na ƙasa, dole wani ya ruɓe. Wasu 'yan kasuwa sun koma amfani da akwatunan roba masu ƙofofin iska, waɗanda ake jera su ba tare da sun danne juna ba. Asarar da aka yi a Mile 12, a ƙarshe manomin da ya yi ban-ruwa a bakin kogi ne take komawa kansa, domin ita take rage kuɗin da za a aika masa.

Gari a kan ruwa

Daga kasuwa muka hau gadar da ake kira Third Mainland, wadda aka kammala a 1990. Tsawonta kilomita 11.8 ne, kuma kusan dukkanta a kan ruwa take. Ruwan da ke ƙarƙashinta ba teku ba ne tukuna. Wani makeken tafki ne da ke kwance tsakanin tudu da teku, koguna irin su Ogun suna zuba masa ruwan daɗi, teku kuma yana turo masa na gishiri ta wata ƙofa guda. Daga irin waɗannan tafkuna garin ya samo sunansa, domin Turawan Fotugal ne suka kira shi Lagos, wato tafkuna a harshensu. Yarabawa Eko suke cewa, shi ya sa kakanninmu suke kiran sa Ikko.

Daga kan gadar muka hango Makoko, unguwar masunta da aka gina gidajenta na katako a kan turaku a cikin ruwa. Kwalekwale ne motarsu, shi ne kuma shagonsu. Hayaƙin bandar kifi yana tashi, yara ƙanana suna tuƙi da gwaninta irin ta yaran masuntanmu. A gaba kuma ga dogayen benayen tsibirin Legas suna ƙyalli a rana. Talauci da dukiya suna kallon juna, ruwa ɗaya ne a tsakaninsu.

Tsibirin shi ne tsohon gari. Mun yi sallar azahar a Babban Masallacin Legas mai hasumiya huɗu, a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Mun tsaya a Dandalin Tafawa Balewa, wanda a da filin sukuwa ne, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Legas ce hedikwatar ƙasa tun daga 1914 har zuwa 12 ga Disamba, 1991, lokacin da aka koma Abuja, wata huɗu ke nan ba cika ba bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa.

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, mun ga kawunan yumɓu na mutanen Nok da kayan tagulla na Benin. Wurin da muka fi daɗewa shi ne gaban baƙar motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Hujojin harsashi suna nan a jikinta. Mun sha karanta labarin a littafi, amma a gaban motar babu wanda ya iya cewa uffan.

Akwai wani tarihin kuma mai nauyi da ya shafe mu kai tsaye. A farkon ƙarni na 19 Legas tana cikin manyan wuraren da ake lodin bayi. Cikin waɗanda aka tsallaka da su teku har da Hausawa masu yawa da aka kama a yaƙe-yaƙe, aka kai su yankin Bahia na ƙasar Burazil. A can ba su miƙa wuya ba: sun shirya bore a 1807, kuma a 1835 bayi Musulmi sun yi babban tawaye a birnin Salvador. Daga baya wasu 'yantattun bayi suka dawo Legas, suka gina gidaje masu ƙawatattun tagogi irin na Burazil, waɗanda har yau ake ganin ragowarsu a unguwar Popo Aguda. Ashe tun kafin gyaɗa da riɗi, mutane ne kayan da ƙasarmu ta fara aikawa ta wannan ƙofa.

Tashar jirage daga cikin kwalekwale

Ba a barin kowa ya shiga tashar jiragen ruwa sai da izini, don haka hanya mafi sauƙi ta ganin ta ita ce ta ruwa. Washegari muka shiga kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku da ba a zuwa sai ta jirgi. Kafin kowa ya taka ƙafarsa ciki sai da aka ba shi rigar kariya, aka kuma duba ya ɗaure ta daidai. Ɗaya daga cikinmu, ɗan masunta da ya iya iyo tun yana yaye, ya ce, "Malam, ni ai ba na bukata." Matuƙin ya ce ko kifi ne ya zo hawa sai ya sa, in ba haka ba jirgi ba zai tashi ba. Dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas ce.

Da muka fito fili sai ga Apapa a ɗaya gefen ruwan. Jirage ne manya, kowanne ya fi filin ƙwallo tsawo, an jibga musu kwantenoni ja da shuɗi da kore, hawa-hawa kamar tubalan gini. Manyan ƙugiyoyi masu tsayin bene suna ɗaga kwantena ɗaya bayan ɗaya suna ɗora wa tireloli. Kwantena iri biyu aka fi amfani da su a duk duniya, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Wannan daidaiton shi ne sirrin abin, domin akwatin da aka rufe a Shanghai zai hau jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa, ya hau tirela har Kano ba tare da an buɗe shi ba sai a gaban jami'an kwastan.

Mun ga yadda ake shigo da babban jirgi. Ba ya shiga da kansa. Wani ƙwararren matuƙi da ya san zurfin mashigar yakan je ya tarye shi a waje, ya hau ya jagorance shi, sannan wasu ƙananan jirage masu ƙarfin gaske su riƙa ja da turawa har ya jingina da gaɓa. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1955, ita take kula da wannan. Da Apapa ta yi kaɗan sai aka buɗe tashar Tin Can Island a 1977, a Janairun 2023 kuma aka ƙaddamar da tashar Lekki mai zurfi, wadda take karɓar jiragen da suka fi ƙarfin Apapa.

A nan Malama ta ce kowa ya lissafa abin da ke gidansu wanda ya shigo ta wannan ruwa. Lissafin ya yi tsawo. Injin ban-ruwan da ke gonar rani, da babur, da wayar salula, da farantin sola, da keken ɗinki. Yawancin alkamar da ake yin burodi da taliya da ita a jirgi take zuwa, akwai ma manyan rumbunan masana'antar fulawa a bakin ruwan Apapa. Kifin ƙanƙara da ake soyawa a bakin titi, wanda ake kira taitus, daga tekuna masu sanyi ake kamo shi, ya yi tafiyar dubban kilomitoci ya zo ya zauna kusa da tarwaɗarmu a kasuwa.

Sai kuma abin da yake fita. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, a 1930 kuma aka kai reshensa Nguru, ya bi ta Malam Madori. Ta wannan dogo gyaɗar da kakanninmu suka noma ta riƙa gangarowa Apapa, da auduga da fatu. Zamanin dalar gyaɗa ya wuce, amma hanyar ba ta mutu ba. Yau riɗi ne da zoɓo. Riɗin da aka auna a kasuwar Gujungu ko Maigatari ana tankaɗe shi, a zuba a buhu, a cika kwantena, ya tafi ƙasashe irin su Japan da Turkiyya da Sin. Zoɓon Jigawa kuwa babbar kasuwarsa Meziko ce, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Shi ya sa idan kaya suka maƙale a tasha, ko masu saye a waje suka ƙi karɓa saboda ƙasa da tsakuwa ko ragowar maganin ƙwari, farashin buhu yakan faɗi a kasuwar ƙauye. Don a rage wahalar nan ne aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023, inda ake iya kammala takardun kaya tun kafin su bar arewa.

Ga teku

Ba mu yi rabin sa'a ba muka isa Tarkwa Bay. Yashi fari, bishiyoyin kwakwa, ga tsohuwar hasumiyar fitila da take nuna wa jirage hanya da dare. Muka taka zuwa ɓangaren da yake fuskantar Tekun Atilantika, sai kowa ya tsaya cik. Duk ruwan da muka sani yana da tsallake: ko a shekarar ambaliya akan hango wata bishiya ko wani tudu a can gaba. Wannan ba shi da tsallake. Ruwa ne har inda ya haɗu da sama, sai jirage da suka yi layi can nesa suna jiran a ba su izinin shiga. Ƙararsa kuma ba ta tsayawa, igiya tana fashewa wata tana biye.

Kowa sai da ya ɗanɗana, kowa kuma sai da ya tofar. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, shi ya sa ba a sha, ba a kuma ban-ruwa da shi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na doron duniya ruwa ne, amma mafi yawansa irin wannan ne. Ruwan daɗi irin na fadamarmu ɗan kaɗan ne ƙwarai a duniya.

Malam ya kafa sanda a daidai inda ruwa yake tsayawa, ya ce mu je mu ci abinci. Da muka dawo bayan sa'o'i, sandar tana tsaye a kan busasshen yashi, ruwa ya ja baya. Koginmu sau ɗaya yake cika a shekara, teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a kowace rana. Wata ne yake jan ruwan da ƙarfin maganaɗisunsa na nauyi, rana kuma tana taimakawa, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Masunta da matuƙan jirage da wannan lissafi suke aiki.

Ba a bar mu mun wuce gwiwa ba. Iya iyo a kogi daban, teku daban, domin akwai wata igiya da take komawa ciki da ƙarfi, takan ja ƙwararre ma ta yi nisa da shi.

Wanda ya taɓa ruwa a sama, na ƙasa ne yake ji

A bakin mashigar jirage akwai dogayen jingar duwatsu da suka miƙe cikin teku. Turawan mulki ne suka gina su a farkon ƙarni na 20, don su hana yashi toshe hanyar manyan jirage. Sun yi aikin da aka gina su dominsa, amma sun jawo wani abin. A gaɓar Legas igiyar ruwa tana kwasar yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da jinga ta tare shi, sai ya taru a yamma, gabas kuma ta daina samun sabo. Haka teku ya yi ta cin bakin ruwan Bar Beach shekara da shekaru, har ya riƙa haurowa kan titi a Victoria Island. A ƙarshe sai da aka cike wurin da yashin da aka haƙo daga ƙasan teku, aka yi masa katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci, aka fara gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic.

Labarin bai zame mana baƙo ba. An gina Madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, suka samar wa Kano ruwan sha da noman rani. Amma sun sauya ɗabi'ar kogi. A da rafuka sukan bushe da rani, ciyawa ta mutu. Yanzu ruwa yana gudana kusan duk shekara, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Idan damina ta yi ƙarfi ruwa ya rasa hanya, sai ya faɗa gonaki da gidaje. Duk wanda ya ga 2022 a Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, ya ga mutane suna kwana a kan jinga suna jera buhunan yashi, ya san abin da ake nufi. Legas ma tana da tata ciyawar, wata mai kama da kainuwa, mai fure shuɗi-shuɗi, wadda take rufe tafki ta naɗe farfelar inji. Mun gan ta tana yawo gungu-gungu.

A rana ta ƙarshe mun ziyarci gandun Lekki, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990. Daji ne mai dausayi da aka bari a tsakiyar gine-gine, ga birai suna tsalle, ga wata gadar igiya mai tsawon mita 401 da take bi ta saman bishiyoyi. Ƙafafu sun yi rawa, amma kowa ya haye. Wannan gidauniya tana cikin waɗanda suka yi aikin kare dausayin Haɗeja da Nguru. Mutane suna biyan kuɗi su yi layi don su ga ɗan wannan daji, alhali mu muna da Baturiya a Kirikasamma, inda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai su yi hunturu, kuma a cikinmu mutum uku ne kawai suka taɓa zuwa.

Ga masu niyyar zuwa

Makarantar da take son irin wannan tafiya ta fara shiri da wuri: izinin iyaye a rubuce, izinin hukumar ilimi, da mai masaukin da ya san gari. A yi tafiyar rana, a fita da sassafe saboda cunkoson motoci, a riƙa tafiya a rukuni, kowa da lambar wayar malami a aljihu. Kada a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa, kada kuma a ɗauki hoton wurin jami'an tsaro. Kowa ya riƙe littafi da biro, domin abin da ba a rubuta ba yakan bi iska.

Wanda ya ga jiragen nan ya ji yana sha'awar aikinsu, ya sani ba a tambayar ko garinku yana da teku. Akwai Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Ruwa ta Najeriya a Oron, Jihar Akwa Ibom, kuma lissafi da kimiyya da Turanci su ne mabuɗinta. Akwai aikin kwastan, da na duba ingancin kayan gona kafin a fitar da su, da na injiniyan madatsun ruwa, duk suna jiran masu karatu.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar kuɗin mota. Kusan kowace damina sai mun ji kwalekwale ya kife a wani mashigi a jiharmu, sau da yawa da mata da yara da 'yan kasuwa, saboda lodi fiye da kima, ko tafiyar dare, ko rashin rigar kariya. Ƙungiyarmu ta yanke shawarar rubuta wa shugabannin masunta da masu unguwanni da ƙaramar hukuma takarda, muna roƙon a samar da rigunan kariya a kowane mashigi, a kuma ƙayyade yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka. Muna kira ga ɗaliban Ringim da Taura da Auyo da Guri da sauran garuruwan bakin kogi su rubuta tasu kafin ruwa ya sauka.